Aka Rage Mini Ciki a Misra, Aka Bar Mini Akushi

Tun da na dawo daga Misra ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a kasuwa a tare ni, har a wurin ɗaurin aure wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Alhaji Sabo, da gaske ne rabin cikinka na can an ajiye a kwalba?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai gaba. Na ji an ce hanjin roba aka saka mini. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni manomi ne a ƙauyenmu da ke gefen ruwan Watari, kuma ina sayen albasa da tumatir ina lodi zuwa Kudu. Wanda bai san ni a da ba, ba zai gane abin da ake wa mamaki ba. Sabo Tirela ake ce mini, a gabana da bayan idona. Ranar da na hau sikelin asibitin garinmu allurar ta kai ƙarshe ta tsaya, sai da muka koma rumfata aka auna ni a sikelin albasa. Mutane kuwa gani suke daɗi ne ya yi mini yawa, ko'ina na wuce sai a ce Allah ya ƙara buɗi. Ba su san ga ciwon suga ba, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka ƙi ɗaukata. Na yi shekaru ina salla a kan kujera. Da likitana na Kano ya gaji da ƙara mini ƙwayoyi, sai ya cire tabarau ya ce, "Alhaji, ko dai a yi aikin rage ciki, ko kuwa mu ci gaba da gaisawa har ranar da ba za ka zo ba."

Kafin in hau hanya, dole in gaya muku zancen ciyayya, don shi ne abin da na tafi da shi a zuciya. A unguwarmu, da an idar da Magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, kowane magidanci ya fito da kwanonsa a haɗa a ci tare. Ni akushin mahaifina ake fito mini da shi, babba ne, yaro ba ya iya ɗaukarsa. Abokin cina kuwa tun muna makarantar allo shi ne Malam Idi, maƙwabcina. Shi siriri ne kamar sillen kara, ni ga ni nan, amma hannunmu a kwano ɗaya muka tsufa.

Da shekarun nan masu wuya suka shigo, man fetur ya gagari talaka, Idi ya jingine injin ban ruwansa, ya daina noman rani. Kwanonsa ya fara ƙanƙancewa. Daga tuwo ya koma kwaɗon rama, daga babban kwano ya koma wani ɗan ƙarami da yake ajiyewa a bayan ƙafarsa. Wata rana ma ya fito hannu rabbana ya ce yara sun riga shi. Ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube shi. Ya zauna gefena, mu ci akushi, mu yi hira, a watse.

Ranar da na faɗa wa mutanen tabarma cewa zan tafi Misra, Idi ya zare hannunsa daga tuwo.

"Yanzu kai Sabo," in ji shi, "a wannan shekara da Allah ya rage wa kowa ciki kyauta, kai ne za ka sayar da fili ka hau jirgi a rage maka naka?"

Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Shi bai yi ba.

"In ka dawo da cikin tsuntsu, da wa za a ci?"

Ya wanke hannu ya tashi. Bai sake fitowa tabarma ba, kuma ranar tafiya da unguwa ta taru ana yi mini addu'a, ƙofarsa a rufe take. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na ɗauka hassada ce ko tsoron kada in mutu a hannun likita, na rasa wanne zan zaɓa.

Da hantsi muka tashi ni da matata Hajiya Rabi, a motar ƙanina. Likitan Misra ya aiko tun da wuri cewa in bar tuwo da shinkafa, in koma romo marar mai da nono, wai don hanta ta rage girma kafin aiki. Saboda haka da yunwa na bar gida. Ita kuwa Hajiya ta cika jaka guda da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji da kilishi. Na ce, "Hajiya, asibiti za mu, ba biki ba." Ta ce, "Kai za a yanka, ni me na yi?"

Titi ba motoci kamar da, sai mutane a ƙafa da masu keke, sai jefi-jefi motar haya da aka cusa mutane har a but. Wajen Bichi hayaƙin masu tsire ya shigo ta taga, na rufe ido ina salati. A wani shingen jami'an tsaro aka tsayar da mu, ɗaya ya leƙo ya ce ina zuwa. Ƙanina ya ce filin jirgi, marar lafiya za a fitar waje. Jami'in ya dubi Hajiya ya ce Allah ya ba ta lafiya. Aka ce ba ita ba ce, ni ne. Ya dubi tumbina tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Alhaji, Allah ya ɗora mana irin ciwonka." Ya ɗaga mana hannu muka wuce.

A cikin jirgi na zauna da ƙyar, igiyar ɗaure ciki ta ƙi kaiwa. Wata ma'aikaciya mai kirki ta lura, ta kawo mini ƙari a ɓoye cikin mayafi don kada kowa ya gani. Sai Hajiya ta ɗaga murya ta ce, "Ka gani ko, har da ta ƙari suka tanadar maka!" Duk layinmu ya waiwayo. Da aka kawo abinci ta ci nata ta ci nawa, wai kada a yi almubazzaranci.

Fasfo bai ba mu wahala ba a filin jirgin Alƙahira, jakar Hajiya ce ta tsayar da mu. Jami'in kwastan ya buɗe ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokinsa, abokin ya kira na uku, aka kawo kare. Karen ya shinshina ya yi atishawa ya juya baya. Sannan suka zaro ledar kuka, suka ga gari kore, nan fa fuskokinsu suka canza. Na tattaro Larabcin da na koya a zauren malaminmu na fara bayani. Sai suka bar kuka suka tsaya suna kallona, ɗaya ya ce da abokansa wannan Alhaji magana yake kamar limami a kan mumbari. Ashe Larabcin littafi daban, na titin Misra daban.

Hajiya ta gaji, ta ce, "Ba ni nan." Ta zuba kuka a tafin hannu, ta ɗiga ruwa, ta murza, ta ɗaga yatsa miyar ta yi yauƙi, ta lasa a gabansu. Babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce mu tattara mu tafi. Kilishin kaɗai suka riƙe, wai nama ba ya shiga. Hajiya har yau ta yi imani a nan suka cinye shi.

Masaukinmu ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene kusa da asibitin. Na'urar hawa benen kamar kejin kaji take, ƙofarta ta ƙarfe ce a ja da hannu. Mai gadin gidan ya dube ni ya dubi kejin, ya ce Hajiya ta jira a dawo a ɗauke ta. Kafin nan ya rungume ni ya sumbace ni a kumatu hagu da dama. Na sandare. Ni da ko ƙanina ban taɓa runguma ba, ga ƙato da gashin baki yana goga mini fuska. Daga baya na gane gaisuwarsu ce. Ba sa dogon ina kwana da ina gajiya da yaya iyali irin namu, amma ba za ka wuce ƙofar mutum bai ce ka zo ka sha shayi ba, kuma shayin rabinsa sukari ne.

Abin da ya fi burge Hajiya shi ne kwando. Mace tana saman bene za ta zuro kwando da igiya, ta ƙwala wa mai kayan miya kira, ya zuba mata ta janye, ba ta sauko ba, ba ta aiki kowa ba. Kwana biyu da zuwanmu Hajiya ta sayi nata kwandon, tana ciniki da yatsu daga sama. Gurasa kuwa irin tamu ce ta Kano, sai dai su ita ce tuwonsu safe da yamma, kuma za ka ga mutum a kan keke da faranti mai tsawon ƙofa a ka, yana ratsa motoci ko ɗaya ba ta faɗo ba. Direbobinsu kamar an ɗaura musu hannu a kan hon.

Likitan yaro ne, bai kai ɗana na fari ba. Ya zana mini ciki a takarda kamar salka, ya ja layi ya ce wannan ɓangaren duk za a cire. Na ce to me zai rage? Ya ɗauko ayaba a kan teburinsa ya ɗaga. Hajiya ta ce, "Innalillahi." Ya tambaye ni me nake so in samu daga aikin, na ce ina so in kai goshina ƙasa. Ya ce in Allah ya so.

Na ɗauka za a farke ni kamar ragon layya. Da na farfaɗo na laluba, sai 'yan huji ƙanana da aka liƙe da filasta. Ciwon ma ba a ciki ya fi tsanani ba, a kafaɗa ne, wai iskar da suka hura mini ce take neman hanya. Ban gama dawowa hayyacina ba wata nas mai faɗa ta zo ta ce in tashi in yi tafiya. Na ce baiwar Allah, yau fa aka yanka ni. Ta ce shi ya sa. Haka na riƙa zagaya baranda da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, Hajiya na biye da ni tana riƙe mini ita.

Sai aka zo maganar ruwa. A murfin gora aka zuba mini, aka ce in kurɓa a hankali in jira. Ni da nake ɗaga ƙwaryar fura ban sauke ba sai na ga gindinta. Na kurɓi murfi guda na ji kamar na haɗiye dutse. A nan ne na yi kuka, ba na ɓoyewa. Ba zafi ne ya sa ni kuka ba. Akushina na tuna, da tabarma, da maganar Idi, na ce shi ke nan, na sayi lafiya na sayar da zama cikin mutane.

Saboda suga da hawan jini likita ya riƙe mu makonni, yana rage mini magunguna yana dubawa. Aka fara da ruwa da romo tatacce, aka koma nono da abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na jarirai. Abin mamaki, yunwa ba ta zuwa. Ciki ya yi shiru, ido da hanci ne ba a yi musu aiki ba. Wata rana Hajiya ta tuƙa wa kanta tuwo da miyar kuka, ta fita baranda wurin kwandonta. Na ce loma ɗaya ba za ta kashe ni ba. Ba ta kashe ni ba, amma ta tsaya mini a ƙirji ta ƙi gaba ta ƙi baya, yawu na zuba, ido ya yi ja, sai da na mayar da ita. Hajiya ta shigo ta gan ni durƙushe, ta dubi malmalar ta ga gurbin yatsu. Ta ce, "Fili guda muka sayar, Alhaji. In ka fasa ɗinkin nan babu na biyu." Daga ranar tukunya a ɗakinta take kwana.

Ina kiran gida ina gaisawa da kowa. Idi kaɗai ne in na kira sai wayar ta yi ta ƙara ta katse. Na tambayi ƙanina, ya ce tun da muka tafi ba a fito da akushi ba, tunda ba mai girkawa, kuma Idi ko sau ɗaya bai zauna a tabarma ba, daga masallaci sai gida.

Likita ya ce in riƙa tafiya kullum, sai na riƙa zagaya layinmu da gorar ruwa a hannu ina kurɓa. A ƙasan benenmu akwai wani tela, dattijo mai fara'a, sunansa Magdi. Ya ga yadda nake shan ruwa, ya kira ni da hannu, ya ɗaga rigarsa ya nuna mini tabo irin nawa sak. Sannan ya nuna mini wani hoto a bango, na wani ƙato da ya cika kujera. Na ce yayanka ne? Ya ce shi ne. Daga nan muka ƙulla, da Larabcin mumbari da nunin hannu. Ya rage mini kaftani biyu, ya ce kada in kuskura in ɗinka sababbi yanzu, don jikin bai gama sauka ba.

Ana kusa da tafiyarmu ya gayyace mu cin abinci gidansa bayan Juma'a. Na ce ni da ba na ci? Ya ce ai shi ma. Muka tarar da tebur ya cika: tantabaru da aka cusa wa shinkafa, ganye da aka naɗe da nama, da wata miya koriya da suke ji da ita kamar me. Hajiya ta ɗanɗana ta raɗa mini, "Lalo ne fa. Lalon da ke fitowa bayan gidanmu." Maza da mata a tebur ɗaya suke ci, abin da ya sa Hajiya ta zauna a gefen kujera kamar mai shirin gudu. Akwai 'ya'yansa da surukansa, da wani tsoho maƙwabcinsu da matarsa ta rasu.

Ni Magdi na zuba wa ido. Bai zauna wuri ɗaya ba. Shi ne mai yaga tantabara, shi ne mai zuba wa wannan, shi ne mai rantsuwa sai wancan ya ƙara. Tsakanin haka sai ya kai cokali baki, ya tauna ya tauna, ya ba da labari. Aka tashi kowa na nishi, shi ko cikin tafin hannu bai ci ba, kuma ba wanda zai ce bai ci da mu ba.

Da muka koma gefe na ce masa, tunda ba ka ci, me ya sa uwargida take wannan uban girki? Ya ce da farko ya sa an rage, don a ganinsa ɓarna ce. Sai gidan ya yi tsit. Ya nuna tsohon nan da haɓa, ya ce wancan ya daina saukowa, bai ce komai ba, kawai ya daina.

"Sai na gane," in ji shi, "cikina likita ya yanke, ba tukunyar gidana ba. Ashe ba ni kaɗai nake ci a cikinta ba."

Sai na tuna tabarmarmu. Maganar Idi ta dawo mini, da wa za a ci. Ba hassada ba ce, ba kuma tsoron mutuwata kaɗai ba. Mutum ne da ya san inda abincin darensa yake fitowa, kuma ba zai taɓa buɗe baki ya faɗa ba. Da muka hau sama na gaya wa Hajiya. Ta ce, "Kai ne dai sai yanzu ka sani. Ka ɗauka tuwon da nake zubawa a akushin nan na mutum ɗaya ne?"

A dawowa igiyar jirgi ta kai, da ƙyar dai, amma ta kai. Hajiya ta sanar da layinmu wannan ma.

Kafin in faɗi yadda muka ƙare da Idi, bari in amsa masu tambayar yadda nake yanzu, bayan watanni. Sanyi nake ji ko da zafi, ni da nake kwana da fanka biyu. Zobena ya faɗa cikin buhun albasa, ba a gan shi ba. Fata ta yi mini yawa, hannuna kamar na riga. In na daɗe a kan benci ƙashin zama ya dame ni, don matashin da na saba da shi ya tafi. Ba na haɗa ci da sha, lemon kwalba mun rabu, kuma akwai ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙarfin jiki da zan sha har ƙarshen raina. Ranar da na ɗanɗani alkaki a gidan biki zufa ta karyo mini, jiri ya kwashe ni, sai da na kwanta a mota. Gwaggona da ta gan ni ta fashe da kuka ta ce an cuce ni, a kasuwa kuma an ce karayar arziki ce. Amma maganin suga ya ragu ƙwarai, ina zagaya gonata da ƙafa, kuma kujerar sallata na bar wa wani tsoho a masallaci. Ranar da goshina ya fara taɓa ƙasa na daɗe ban ɗago ba, har na kusa da ni ya taɓa ni ya ji ko lafiya.

To, ranar da muka sauka gida ya cika da kwanukan sannu da zuwa, dambu da waina da fura, kowa na so ya ga na ci nasa. Na yi ta ba da haƙuri. Idi ya zo cikin jama'a, ya tsaya daga bakin zaure ya ce, "Sannu da hanya, Allah ya ƙara sauƙi," kamar wanda muka haɗu a tasha. Ya juya ya tafi.

Da aka idar da Magariba na sa aka shimfiɗa tabarma. Hajiya ta cika akushi har ya yi tozo kamar yadda ta saba. Mutane suka fito da kwanukansu, wurin Idi ba kowa. Na ce su dakata. Na taka da ƙafata har ƙofarsa na yi sallama. Ya fito ya dube ni sama da ƙasa.

"Sabo ne ko ƙaninsa?"

"Ni ne. Idi, ina cikin matsala."

"Wace iri?"

"Hajiya ba ta iya ƙaramin girki ba, kuma ta tsufa da koyo. Ga akushi can ta cika. In ya koma ciki da saura, ni da barci lafiya sai wani ikon Allah. Ka zo ka fitar da ni."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni yau ba wani abin kirki aka yi a gidan ba."

"Ɗauko shi haka nan."

Ya daɗe a ciki, har na ɗauka ba zai fito ba. Sai ga shi da ɗan kwanon nan nasa rufe da faifai. Muka zo tabarma, ya zauna gefena, ya tura shi bayan ƙafarsa kamar yadda ya saba. Na miƙa hannu na jawo shi gabana na buɗe. Faten wake ne da ɗan alayyahu, ya dahu ya yi laushi, bai fi cikin ludayi biyu ba.

Wallahi ban shirya wannan ba. Na ce, "Idi, ka san abin da likitan Misra ya ce in riƙa ci ke nan? Wake, mai laushi, daidai wannan."

Ya ce in daina yi masa ba'a. Na tura masa akushi, na riƙe ɗan kwanonsa. Na riƙa ci kaɗan-kaɗan ina taunawa, tsakani ina yaga nama ina ajiye wa wannan, ina zuba wa wancan miya, ina ba su labarin kare da daddawa. Idi ya fara da gefen malmala kamar baƙo, can sai na ga ya naɗe hannun riga. Kafin a kira Isha akushi ya koma fes. Ni kuwa da ƙyar na ga bayan faten, na jingina da bango ina nishi, na yi hamdala da ƙarfi, don na ƙoshi har wuya.

Idi ya ɗauki ɗan kwanonsa ya juya shi a hannu, ya ga ba ko ɗigo. Ya goge ido da gefen hula ya ce hayaƙi ne, alhali ba wanda ya hura wuta.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe sai ka sayar da fili ka je Misra kafin kwanon gidana ya ƙosar da kai."

Tun daga ranar haka muke. Shi ya ci nawa, ni in ci nasa, kuma ɗan kwanon a tsakiyar tabarma yake ajiye shi.